Na koya masa sana'a, ya buɗe shago yana kallon nawa

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ku da aiki, ku da abokan aikinku na gidan rediyo, da fatan iyali suna lafiya. Na daɗe ina sauraron shirinku, har yaran shagona sun san in kun fara karanta wasiƙu ba mai yi mini surutu. Yau ga tawa ta iso gare ku, don abin ya kai inda ba na iya barci da shi.

Ni mazaunin Tahoua ne, shekarata 41, da mata da ƴaƴa 5. Sana'ata gyaran salula da kwamfuta, daga baya na haɗa da aikin wutar rana, wato kafa pano da batir da akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Lakwal ban yi nisa ba. Da na faɗi birbe sai na bi sawun ƴan uwana Adarawa na tafi ci-rani Abijan, kuma a kasuwar Adjame na koyi aikin. Shekara biyu na yi ina shara da aike kafin maigidana ya bar ni in taɓa ƙarfen narka dalma. Akwai abin da ban manta ba har yau: duk lokacin da aka kawo waya mai ciwo mai wuya, wadda ta sha ruwa ko ta daina ɗaukar caji, sai ya laluba aljihu ya ce in je in sayo masa kofi. Kafin in dawo ya gama, ya rufe bayan wayar. Abin da na sani a sace na san shi, ta wutsiyar ido. Tun a can na yi wa Allah alkawarin in na zama mai shago ba zan aiki yaro sayen kofi ba.

Akwai kuma kakana, mai ɗori ne a wani ƙauye wajen Keita. Daga nesa ake kawo masa masu karaya. Ya ce sai ya ga wanda ya cancanta zai ba shi sirrin, bai gama dubawa ba ajali ya zo, aka binne shi da abinsa. Yau a zuriyarmu babu mai iya ɗaure ko ƙafar akuya.

Na dawo gida a 2012 na buɗe shago, na riƙa ɗaukar yara. Har littafi na rubuta musu da Hausa, shafi 60, da zanen da na yi da hannuna, saboda yawancinsu Faransanci ba ya shigarsu. Cikin yaran akwai ƙanen matata, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara 6 yana ci a kwanona yana kwana a zaurena, kuma ban taɓa ganin yaro mai kaifin kai irinsa ba. Ban rage masa komai ba. In aiki mai wuya ya zo, ni nake kiransa in ce ya matso da kujerarsa.

A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kowa ya tuna da rana. Masu firiji, masu ƙanƙara, masu cajin waya, kowa na neman pano. Aiki ya yi mana yawa har muna juya mutane. A ƙarshen wannan shekarar ƙanen matata ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina so in tsaya da ƙafata." Na ji daɗi, na sa masa albarka, na ba shi kayan aiki da jika 150 na jari. Na ɗauka wata unguwa zai nufa, ko Illela, ko Madawa. Bayan sati biyu sai ga shi ya kama shago a layinmu, in na ɗaga kai daga tebur ina hango allonsa. Aikin da nake yi jika 5 ya mayar da shi jika 3. Ya bi lambobin abokan cinikina a WhatsApp ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, wata rana wani yaronsa ya shigo aron sukurudireba riƙe da littafina, an yi masa hoto a inji, an cire shafin farko mai ɗauke da sunana.

Malam, wata uku na yi ba na amsa gaisuwarsa sai da ka. Amma tunda shawara nake nema, dole in faɗa muku ɗayan ɓangaren, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kafin ya buɗe, na yi sanyi ban sani ba. Mutum zai kawo waya in ce ya dawo bayan sati, don na san ba shi da wurin zuwa. In ciwon ya yi zurfi sai in ce a canza allon cikin gaba ɗaya, ko a haƙura a sayi sabuwa. Da cinikina ya ragu sai na koma ɗalibi. Na sayi madubin ƙara girma irin na likitoci, na riƙa kwana a kan YouTube ina kallon masu gyara na Indiya da Pakistan, ba na jin ko kalma ɗaya, hannunsu kawai nake bi. Na koyi ɗaga ƴar ƙwayar da ke kan allon cikin waya, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, in dasa wata. Na fara ba da garanti na wata uku a rubuce. Na ɗauki babur na shiga garake wajen Tamaske da Tabalak, ina haɗa wa masu albasa injin ban-ruwa mai aiki da rana, su huta da sayen esansi. Rannan wata tsohuwa ta kawo ƴar Itel ɗinta ɗaure a bakin zane, ta ce muryar ɗanta da ke Libiya tana ciki, kuma rabonta da jin labarinsa an daɗe. Da shekara uku baya ne, da cewa zan yi wayar ta mutu. Na zauna da ita awa biyu ta tashi. Tsohuwar ta kara ta a kunne tana hawaye, ni kuwa na san a raina ba don wancan shagon da ke kallona ba da ban iya wannan aikin ba.

Ƙanen matata ma bai zauna ba. A fannin manhaja ya wuce ni nesa, kuma yana ɗaukar gajerun bidiyo da Hausa yana koya wa mutane yadda za su kula da batirinsu. Yanzu a layinmu shagon gyara 9 ne, 4 daga ciki yarana ne.

In na duba kayan da ke kan teburina ma labarin ɗaya ne. Da na fara aiki Nokia ce sarauniya, kowa ya ɗauka ba mai ture ta, amma a 2014 Microsoft ta saye sashen wayoyinta. Yau abin da na fi buɗewa Tecno da Itel da Infinix, dukansu na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion, wanda ya lura mu mutanen Afirka muna son waya mai layi biyu, mai batir mai daɗewa, mai kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau. Da wannan lurar ya ci kasuwa. Haka layukan waya. Na tuna lokacin da samun layi sai mai hali. Da kamfanoni suka yi yawa, Orange ta shigo a 2008 kafin ta koma Zamani, ga Airtel, ga Moov, ga Niger Telecom, sai ga mai tallan goro da layi biyu a aljihu. Ƙasarmu tana haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, tana tace mai a Damagaram tun 2011, amma kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma rami ba zai ɗauki waɗannan yaran duka aiki ba. Abin da ke kansu shi zai ciyar da su. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman da ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwa da salula daga nesa, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015, da tunaninsa ya kai can. Duk wannan na yarda da shi in ina magana a fada ana shan shayi. In na koma gida aka ce kuɗin lakwal ɗin yara ya zo, sai yardar ta yi rauni.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tsofaffin masu gyara na garin nan, mu bakwai, sun taru a zaurena satin da ya wuce. Shawararsu ita ce mu kafa ƙungiya mu tsayar da farashi ɗaya, kada kowa ya sauka ƙasa da shi. Kada mai shago ya ɗauki yaro fiye da ɗaya a shekara, kuma yaron ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai buɗe shago a Tahoua ba sai bayan shekara 5. Sannan mu gaya wa masu kawo mana kaya daga Ƙonni cewa duk wanda ya sayar wa wanda ba ɗan ƙungiya ba, mun daina saye a hannunsa. Ni suke so in shugabanta, don ni ne wanda aka fi cuta a ganinsu.

Kada ku ɗauka mugaye ne. Hujjarsu tana da nauyi. Sun ce wannan karya farashin ba ƙwarewa ke kawo shi duka ba, wasu jabun kaya suke sakawa, batirin da ba ya shekara, wayar wuta siririya da ke zafi cikin rufi. Ni da kaina an kira ni gidan da saura kaɗan gobara ta tashi saboda aikin wani yaro da ya yi wata huɗu kawai yana koyo. Mai gida ba ya iya bambanta aikin kirki da na banza sai bayan ya biya, don haka mai araha yake bi, mai gaskiya kuma ya zauna yana korar ƙuda. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, ko kokowar takobi da aka fara a nan garin a 1975 tana da alƙali da fili da doka, ba a shiga da wuƙa. Mu wa ke hura mana usur?

Sai dai wani abokin cinikina da ke koyar da shari'a a jami'ar garin nan ya ce mini dokar 2002 ta UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta hana ƴan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi ko su toshe wa wani hanyar shiga kasuwa. Ya ce in ingancin aiki ne damuwarmu, mu yi ƙungiyar da za ta jarraba yaro ta ba shi shaida, mu bar farashi ya nemi kansa. Limaminmu kuma ya tuna mini cewa an roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da farashi a Madina bai yi ba, ya kuma karanta mini hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta. Na kasa tambayarsa ko ilimin gyaran waya ya shiga ciki, don ina tsoron amsar.

Maganar littafin ma tana nan. An ce in kai ƙara ofishin kare haƙƙin mawallafa. Wa zan kai ƙara, kawun ƴaƴana? Matata ta rame a tsakaninmu. In za ta gidansu sai ta tambaya ko yana nan, in ta dawo ba ta ba ni labari. Surukata ta aiko a ce mini arziki na Allah ne, yaro bai yi sata ba. Na yarda arziki na Allah ne, amma ko sau ɗaya bai zo ya ce "Yaya, ka yi haƙuri da shafin da na cire" ba, kuma wannan kalmar kaɗai nake jira.

Abu na ƙarshe shi ya fi tsorata ni. Wata biyu ke nan wani dattijo ya kawo mini ƴarsa, ta ci bak amma babu halin tafiya gaba. Hannunta ba ya rawa, in na nuna mata abu sau ɗaya ya zauna. Shekaranjiya aka kawo akwatin juya wuta da ya ƙone, irin aikin da a garin nan mu biyu ko uku ne muke iyawa. Ta jawo kujerarta kusa da ni, ta buɗe littafinta na rubutu. Sai na ji hannuna ya shiga aljihu, na ba ta dala ashirin na ce ta je ta sayo mana ƙanƙara. Ta dube ni, ta tashi ta tafi. Kafin ta dawo na gama na ɗaure murfin. Da ta ajiye ƙanƙarar ba ta ce komai ba, ni kuwa na kasa shan ruwan. Rijiya ta ba ni, yau ni ne gugan da ke hanawa.

Malam, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In shiga wannan ƙungiya a yadda suka tsara ta, ko in je musu da shawarar malamin jami'a ko da za su ce na juya musu baya? Ina iyakar gasa ta halal, ina cin amana ya fara, kuma abin da ƙanen matata ya yi wanne ne a ciki? In je in same shi ni da nake babba, ko in ci gaba da jira? Yarinyar nan kuma, akwai sharaɗin da zan iya gindaya mata wanda ba zalunci ba ne, ko in buɗe mata komai in bar wa Allah sauran?

Tsofaffin masu gyaran za su dawo jin amsata ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwa. In da hali a karanta wasiƙata kafin nan, kuma a sakaya sunana.

Allah ya ƙara muku basira, ya saka da alheri.

Naku,
Mai gyaran salula daga Tahoua