Rahoton Kwamiti Kan Gyaran Filin Bakin Kubanni

Assalamu alaikum. Kwamitin da jama'ar unguwa suka ɗora wa nauyin gyaran filin bakin Kubanni, nan ɓangarenmu na Tudun Wadan Zariya, yana sanar da iyaye da 'yan'uwa cewa an kammala aikin, alhamdu lillahi.

Kowa ya san yadda wurin yake a da. Bola ta ci rabin filin, ledoji da tsummokara sun toshe lambatu, ruwan da ke gangarowa daga cikin unguwa kuma ya haƙa kwazazzabo yana zaftare gaɓa duk damina. Kubanni ba wani babban kogi ba ne. Daga wajen Shika yake tasowa, ya ratsa Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi domin ruwan sha, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya faɗa kogin Galma. Da rani sai ka raina shi. Amma idan Agusta ta kama, masu gidajen bakin gaɓa ba sa barci da ido biyu.

A zamanmu na farko matasa sun so a fara da dashen itatuwa, don shi ne abin da ido zai gani. Wani dattijon magini ya ce a'a, duk icen da aka dasa a gaɓar da ruwa ke ci, Galma aka dasa wa. Maganarsa muka bi, kuma a ganinmu ita ce ta ceci aikin.

Sai aka kira gayya. Da shebur da manjagara da baro aka kwashe bolar, wani mai tifa ya yi ta jigila, kuɗin mai kawai ya karɓa. Magina suka sake gina lambatun da bulo mai inci tara, aka cika ramukansa da kankare. A daidai inda ruwan ke zuba cikin rafi aka jera manyan duwatsu domin su karya masa ƙarfi, tunda nan ne zaizayar take farawa. Gaɓar kuma aka sassabe ta ta koma gangare, aka tare gindinta da buhunan ƙasa, aka dasa jema layi-layi. Saiwar jema miƙewa take yi ƙasa ta riƙe turɓaya, ga shi ba ta bazuwa ta shiga lambun mutane. Bayan ruwa mai ƙarfi na farko mun je mun duba: laka ta taru a bayan kowane layi kamar an zuba da hannu.

Sai da damina ta zauna aka yi dashe: darbejiya da maɗaci domin inuwa, mangwaro da gwaba domin yara. An kawo shawarar dasa itacen turare, masu lambu suka ƙi saboda yawan shan ruwansa, muka bar shi. Awaki kuwa, Allah ya shirye su, sun nuna mana shingen kara ba komai ba ne, dole aka koma kejin gora da waya. An zuba marmara a hanyar ƙafa, an yi kujerun siminti a inda dattawa ke zama da la'asar, an bar fili ga masu ƙwallo.

Muna godiya ga mai unguwa, da limamai da suka yi ta sanarwa, da iyayenmu mata da ba su taɓa barin masu gayya babu kunu da ƙosai ba. Kuɗin duka na karo-karo ne da gudummawa, kuma littafin shiga da fita yana hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.

Abin da ya rage shi ne ban ruwa. Daga Nuwamba har faɗuwar ruwa dashen nan sai an shayar da shi, don haka an raba itatuwan gida-gida. An kuma hana zubar da shara da ɗibar yashi a gaɓar. Wanda bai san icen gidansu ba ya tuntuɓi sakatare ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidan mai unguwa.