Kafin ɗalibi ya biya kuɗin kwas ɗin dokar laifuka ta intanet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu da ke yin rajistar kwasa-kwasan dokar laifuka ta intanet. Cikinsu akwai 'yan sanda da ma'aikatan gidan gyaran hali da magatakardan kotu da 'yan jarida, har da waɗanda sha'awa ce kawai ta kai su. Karatun yana da amfani ƙwarai, kuma ina goyon bayansa. Damuwata ita ce da yawa suna kammala kwas ɗin ba su san dokar wace ƙasa aka koya musu ba.

Galibin darussan da ake samu kyauta ko da araha daga jami'o'in Amurka da Ingila suke fitowa. Malamin Amurka zai koyar da kisan kai mai daraja ta ɗaya da ta biyu, da yadda ake zaɓen mutanen gari su zauna su yanke ko mutum ya yi laifi, da gargaɗin Miranda, wato sanar da wanda aka kama 'yancinsa na yin shiru da na samun lauya, da kotun ƙolinsu ta wajabta a 1966. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da alƙalin Kano ko Gusau zai yi aiki da shi. Ko a cikin Najeriya doka ba ɗaya ba ce. Jihohin Arewa da Abuja suna aiki da Final Kod, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, ita kuma ta Sudan daga dokar Indiya ta 1860. Galibin jihohin Kudu suna aiki da Kiriminal Kod ta 1916, mai tushe a jihar Kwinslan ta Ostareliya. Ga kuma dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci da jihohi 12 suka kafa tun da Zamfara ta fara a 2000. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Zina laifi ce a sashe na 387 da 388 na Final Kod, amma a shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wata mata a Yammacin Najeriya saboda babu rubutacciyar dokar da ta mai da zina laifi a can. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram kuwa, tasa dokar daban ce, bisa tsarin Faransa.

Saboda haka matakin farko, tun kafin a buɗe darasi na ɗaya, shi ne ɗalibi ya mallaki abu huɗu: dokar laifuka ta jiharsa, Kundin Tsarin Mulki na 1999, Dokar Shaida ta 2011, da dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ta tarayya ta 2015 ko wadda jiharsa ta yi. A kula da bugu. Kaduna ta sake rubuta Final Kod ɗinta a 2017, lambobin sassa suka sauya, don haka wanda ya haddace tsohuwar lamba zai ambaci sashen da ba shi ne ba. Lambobin Final Kod da na kawo a wannan wasiƙa na tsohuwar dokar ne, wadda Abuja ke aiki da ita.

Abin da kwas ɗin waje ke koyarwa da kyau, kuma ya dace da ko'ina, shi ne ginshiƙai biyu na laifi: aikin da aka aikata, da abin da ke zuciyar mai aikatawa a lokacin. A darasi za a ji ana kiransu da Latin, actus reus da mens rea. Haddace sunayen ba ya ƙara komai. Gwanintar ita ce a ɗauki sashe a rarraba shi gaɓa-gaɓa, a rubuta kowane sharaɗi a layinsa, domin mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da kowanne, kuma in ɗaya ya faɗi tuhumar ta faɗi.

Mu ɗauki sata a sashe na 286. Dole kayan ya zama abin da ake iya ɗauka, yana hannun wani, a gusar da shi daga inda yake, ba da yardar mai riƙe da shi ba, kuma da niyyar rashin gaskiya. Sharuɗɗa biyar ke nan. To, ga mutum ya ba yaro babur ya yi acaɓa yana kawo balas kullum, bayan wata biyu yaron ya sayar da babur ɗin ya ce an ƙwace. Sabon ɗalibi nan take zai rubuta sata. Bai duba sharaɗi na huɗu ba, domin da hannunsa mai babur ya miƙa makulli. Wannan cin amana ne, sashe na 311, hukuncinsa a 312. Da tun farko ƙarya yaron ya shirya don a ba shi babur ɗin, sai a koma ga zamba a sashe na 320. In kuwa balas ɗin kawai ya kasa kawowa, babur na nan, bashi ne, ba laifi ba, kuma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Waɗannan sassa biyu kaɗai, da jama'a sun san su, da an rage kuka mai yawa a ofisoshin 'yan sanda.

Kisan kai shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma nan ya kamata a daɗe. A sashe na 221 na Final Kod abu uku ake nema: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, kuma ya yi nufin kisa ko ya san mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo bayan aikinsa. Ba a buɗe zuciya a ga niyya, sai kotu ta duba makamin, da inda aka bugi mamacin, da ƙarfin bugun. Wanda ya ɗaga taɓarya ya sauke a tsakar kan mutum ba zai ce bai san abin da zai biyo baya ba. Wanda ya yi mari ɗaya mutum ya faɗi ya bugu da dutse, maganarsa daban ce. Daga nan sai a tafi sashe na 222 a duba ko akwai abin da ke sassauta laifin: tunzurawa mai tsanani da ta zo ba zato har mutum ya fita hayyacinsa, ko faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da shiri ba, ko wuce iyaka wajen kare kai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka tunzurawa tana wanke mutum. Ba ta wankewa, tana dai sauko da laifin daga mai hukuncin kisa zuwa na sashe na 224, wanda zai iya kai wa ɗaurin rai da rai. Kuma in an zagi mutum da safe, ya je gida ya wasa wuƙa ya dawo da la'asar, zuciya ta sami lokacin hucewa, kariyar ta tafi. Kare kai na gaskiya, wanda ya fara daga sashe na 59, shi ne ke wanke mutum sarai, muddin ƙarfin da ya yi amfani da shi bai wuce abin da ake bukata ba.

Sauran kariya ba su da wuyar kamawa. Yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi a sashe na 50, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba hankalinsa. Taɓin hankali na sashe na 51, kuma wanda ya kawo shi shi zai tabbatar. Wanda ya sha ya bugu da son ransa, doka tana ɗaukarsa ya san abin da mai hankali ya sani.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki kuwa a karanta shi har ya zauna. Ƙaramin sashe na 5 ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, na 8 ya hana hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya yi aikin, na 9 ya hana sake gurfanar da shi kan laifin da aka riga aka yanke, na 12 ya ce babu laifi sai wanda aka rubuta tare da hukuncinsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida shi ya ɗora wa mai ƙara nauyin kawar da duk wani shakku mai ma'ana.

Game da yadda za a tafiyar da karatun, shawarata awa 6 zuwa 8 a mako, kuma kada bidiyo ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku. Bidiyo yana cinye data, yana kuma sa mutum ya ji kamar ya gane alhali bai gwada kansa ba. A sauke rubutattun darussa lokacin da sabis ke da kyau. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ajiye littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta, shafin NigeriaLII kuma yana da hukunce-hukuncen kotuna. Kowane mako a karanta cikakken hukunci ɗaya, ba taƙaitawa ba, a fitar da abin da ya faru, da tambayar da kotu ta amsa, da dalilinta. Sannan a rubuta amsar matsala ɗaya da hannu cikin minti 40: mene ne batun, wane sashe ya shafe shi, yaya ya hau kan abin da ya faru, ina aka tsaya. Masu faɗuwa jarrabawa yawanci sun san sashen, amma sai su kwafe shi su tsallake zuwa hukunci ba su haɗa shi da labarin ba.

Abin da waya ba za ta bayar ba yana kotun majistare mafi kusa, kuma shiga kyauta ne. A zauna a bencin baya a ji yadda ake karanta wa mutum rahoton farko na 'yan sanda, a tambaye shi ko ya gane, a ji yadda lauya ke neman beli, a ga dalilin da ya sa majistare ba ya sauraron kisan kai sai fayil ya je ma'aikatar shari'a ya wuce babbar kotu.

Wata magana da ba a son faɗa wa ɗalibai lokacin karɓar kuɗinsu: takardar shaidar irin wannan kwas ba ta mai da mutum lauya. Hanyar ita ce digirin shari'a a tsangayar da Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da ita, sai Makarantar Horas da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko Yola ko sauran rassanta, sai rantsuwa. Ɗaliban shari'a na NOUN sun shafe shekaru suna jiran a karɓe su a wannan makaranta saboda majalisar ba ta amince da karatun lauya daga gida ba. Wanda ya tsaya wa wani a matsayin lauya ba tare da cancanta ba, shi kansa ya aikata laifi.

Ina kira ga tsangayoyin shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo su shirya gajeren kwas na mako 12 ta intanet a kan Final Kod da dokokin Shari'a na jihohi, da Hausa da Turanci, a kuɗin da ɗan sanda mai igiya biyu zai iya biya. Ku ma, Edita, ku ware shafi ɗaya duk mako inda lauya zai ɗauki sashe guda ya warware shi da misalai irin na kasuwa da gona da tasha.

Naku,
Wani mai koyar da shari'a, Zariya