Kafin A Sayi Tsohuwar Motar Tsere Da Kayanta Ba Su Cika Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana masu sha'awar tsofaffin motoci a birnin Kano, musamman waɗanda ake yi wa tallar ƙananan motocin tsere masu kujeru biyu, irin MGB da aka ƙera a Ingila daga 1962 zuwa 1980, a kan farashi mai sauƙi saboda kayansu ba su cika ba.

A ganina, injin da ya daɗe a kwance ba shi ne abin tsoro ba, domin makanikanmu suna iya tayar da shi. Abin dubawa shi ne bodi, saboda MGB ba ta da shasi na daban, bodin ne ke ɗauke da nauyinta, don haka idan tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, aikin walda kaɗai zai iya zarce kuɗin motar. Mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙasanta da tocila, ya kuma manna maganaɗisu a jikinta. Inda ya ƙi kamawa, mai yiwuwa ciko aka yi aka rufe da fenti.

Sannan fitilu, gilashi da kafireto na irin wannan mota da wuya a same su a Kasuwar Ƙofar Ruwa, sai dai a yi odarsu daga waje da kuɗin fam ko dala. Ina roƙon kada kowa ya biya ko sisi sai ya rubuta duk abin da babu tare da farashinsa, ya kuma tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da ta takardunta.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano