Godiya ga ofishin barangai na unguwarmu a birnin Sebu na ƙasar Filifin

Zuwa ga Kapitan, da kagawad (kansilolin unguwa) bakwai, da sakatariya, da ma'aikatan lafiya, da tanod masu sintirin dare.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku.

Na riga na zo ofishinku na yi muku godiya baki da baki, na yi ta maimaita "salamat kaayo" har sakatariya ta fashe da dariya. Wannan kuwa na rubuta ta ne da Hausa don mutanenmu na gida su ji, musamman iyayen da 'ya'yansu ke karatun likita da aikin jinya a Sebu da Dabao da Manila, waɗanda in aka ambaci ƙasar Filifin ba abin da ke faɗo musu a rai sai guguwa da girgizar ƙasa. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da tukwicin da ya wuce wannan kafin mu tattara kayanmu mu koma Kano.

Ga wanda bai sani ba, barangai shi ne mataki na can ƙasa a tsarin mulkin Filifin. Akwai sama da 42,000 a faɗin ƙasar, birnin Sebu kaɗai yana da 80. Shugabansa shi ne Kapitan, ka ɗauka mai unguwa ne, amma wanda ake zaɓa da ƙuri'a, yana da ofis da kansiloli da ɗakin shan magani da 'yan sintiri da kasonsa na kuɗi daga gwamnati. A nan ake ba da takardar shaidar zama, a nan kuma ake sasanta rigimar maƙwabta kafin ta kai kotu, tsarin da suka kafa da doka tun 1978. Takardar shaidar zaman ce ma ta fara kai ni wurinku a 2017. Sakatariya ta buɗe wani ƙaton littafi ta rubuta sunana a cikin mazauna unguwa, ta tambaye ni mutum nawa ne a gidan, na ce ni kaɗai ne tukuna. Da maiɗakina ta iso, ita ma aka rubuta ta. Daga baya duk alherin da ya same mu daga wannan littafin ya fito.

A watan Fabrairun 2020 mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Kano don ta zauna wa surukarta jego. Ba ta daɗe da sauka ba annobar korona ta rufe duniya. A ƙarshen Maris aka sa wa Sebu dokar kulle mai tsanani, kowane gida takardar fita guda ɗaya, babu motocin haya na jifni, babu tasi, ga shingen jami'an tsaro ko'ina. A cikin wannan hali naƙuda ta tashi da tsakar dare. Na fita da gudu ban ma san inda na nufa ba, na ci karo da Manong, dattijon tanod ɗin da ke zama a bakin layinmu da sandarsa da tocila. Bai tambaye ni komai ba illa "wata nawa?" Ya yi magana a rediyonsa, kafin in koma gida motar barangai tana ƙofarmu. Shi ya zauna a gaba yana yi wa masu shinge bayani da Bisaya, harshen mutanen Sebu, har muka isa asibiti, da asuba kuma na fito na same shi zaune a kan dakali yana jiran ya ji abin da aka samu. Mace ce. Ragon suna a Kano aka yanka shi, mu kuwa muka yi sunan mu huɗu a ɗaki, maƙwabta na ɗago mana hannu ta taga.

Tallafin kuɗi na gwamnatin ƙasa na 'yan ƙasa ne, ba mu taɓa sa rai da shi ba. Amma da kuka fara rabon shinkafa da kifin gwangwani da taliya gida-gida, sai ga ƙwanƙwasa a ƙofarmu. Na ce wa kagawad ɗin mu baƙi ne, kada a yi kuskure. Ya duba takardarsa ya ce sunan gidan yana ciki, kuma ciki bai san fasfo ba. A ƙunshin farko akwai gwangwanin nama da aka haɗa da alade. Ba mu ce komai ba, muka miƙa wa maƙwabciya. Ma'aikaciyar lafiyar da muke kira Nanay ce ta lura, daga ranar ƙunshinmu daban take ɗaure shi, ta cire naman ta ƙara kifi, ta rubuta a jikin ledar don kada a sake haɗawa. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ita ce kuma ta haɗa mu da wani ɗan kasuwa Bamaranawe, cikin Musulmin da asalinsu daga yankin Marawi ne, wanda ke yanka kaji yana kawowa.

Zancen Nanay da Hajiya shi ne abin da iyalinmu za su daɗe suna ba da labari. Hajiya ta zo da kanwarta da yajinta tun daga gida, ta kuma rantse ba za a yi wankan jego da ruwan butar lantarki ba. Ta sa na nemo itace da babbar tukunya, ta hura wuta a bayan gida tun da sassafe. Hayaƙi ya shiga ɗakin wani maƙwabci, ya kai ƙara ofishinku, kuma da gaskiyarsa. Na zaci za a zo a kashe wutar a ci mu tara. Sai ga Nanay da tanod ɗaya. Ta leƙa tukunya, ta kalli mai jego, ta yi dariya ta ce ai su ma haka kakanninsu ke yi, suna dafa ganye su yi wa mai jego wanka don gudun abin da suke kira bughat, wato ciwon da ke dawo wa mace in ta yi gaggawar komawa aiki. Washegari ta zo da ganyen gwaiba cike da leda, tunda Hajiya ta nemi darbejiya ba a samu a kusa ba. Aka matsar da murhu can gefen katanga, aka tsayar da lokacin hura wuta, maƙwabcin ya haƙura, har daga baya shi yake faskara mana itacen.

Ni ɗalibin likita ne a lokacin, na kuma san abin da likitocin Zariya suka rubuta tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da yawan kunun kanwa da zafin da ya wuce kima. Amma wa zai gaya wa Hajiya? Da na fara sai ta ce da haka ta haife mu bakwai. Nanay ba ta jin Hausa, Hajiya ba ta jin Turanci balle Bisaya. Duk mako Nanay za ta zo da abin awon jini, ta gwada mai jego, ta nuna wa Hajiya lambar, ta ɗaga ƙullin kanwa ta girgiza kai, ta nuna ɗan kaɗan da yatsu biyu. Ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan wanka ta ƙara na sanyi. Hajiya ta bi, ba gardama. Har yau ban gane yadda aka yi ba. Su zauna a kan tabarma kowa na magana da harshenta, suna dariya, ɗaya na koya wa ɗaya goyo da zani. Da aka buɗe filayen jirgin saman Najeriya a watan Satumba Hajiya ta koma, ta bar wa Nanay turmin atamfa da sauran yajinta.

Sai daren 16 ga Disamban 2021, ranar da Kiristocin Filifin ke fara ibadar asuba ta kwana tara kafin Kirsimeti. Mahaukaciyar guguwar da suke kira Odette, wadda duniya ta sani da Rai, ta fara sauka a tsibirin Siyargao da rana, da dare ta iso Sebu. Ta kashe sama da mutum 400 a ƙasar. Tun da la'asar tanod suke zagayawa da lasifika suna roƙon na bakin rafi su koma makarantar firamare. Mu muna ganin gidanmu na bulo ne, muka zauna, har iska ta yaye rabin kwanon rufi ruwa ya fara zuba a kanmu. Manong ne ya sake zuwa, shi da wasu samari biyu, ya naɗe 'yarmu a rigar ruwansa ya rungume, muka bi bayansa muna sunkuye kwanuka na shawagi a sama. A makarantar, Nanay ta ɗaura zanen gado a kusurwar aji ta keɓe wa maiɗakina da matan wani gidan Maranawa wurin kwanciya da salla, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Abin da ya biyo baya ya fi daren wuya. Makonni babu wuta, famfo ya ƙafe, layin ruwan sha da na mai da na cirar kuɗi kowanne ya fi wani tsawo. Kapitan, kai ka sa aka rubuta gidaje layi-layi don kada mai ƙarfi ya kwashe ruwan tanka ya bar tsofaffi, ka kuma sa gidajen da ke da jarirai da marasa lafiya a gaba. Ka ajiye janareta a ƙofar ofis kowa ya yi cajin waya, da ita na samu na kira Kano na ce muna raye. Tanod kuwa da adduna da zarto suka buɗe hanyoyin da bishiyoyi da turakun lantarki suka toshe. Sai daga baya na ji cewa gidan Manong na katako ya rushe gaba ɗaya a daren da ya zo ɗaukar 'yata, iyalinsa a ƙarƙashin tamfol suka yi Kirsimeti. Ɗan alawus ɗin da ake ba tanod bai taka kara ya karya ba, na san wannan domin na tambaya. Da na kai masa ɗan abin da zan iya, sai da Kapitan ya sa baki kafin ya karɓa.

Ba zan ce zaman Sebu duk zuma ba ne. Baƙar fata yana shan kallo, wani lokaci har da maganar da ba ta da daɗi, ga kiɗan karaoke har tsakar dare da carar zakarun faɗa tun kafin kiran salla. Wani mai gidan haya ya so ya riƙe mana kuɗin ajiya ba dalili, a teburin sulhunku aka zaunar da mu, aka saurari kowa, ya biya ba tare da mun je kotu ba.

Hajiya ta rasu a Kano a 2023, Allah Ya jiƙanta. Duk wayar da muka yi kafin nan sai ta ce, "Yaya ƙawata?" Da na gaya wa Nanay rasuwar ta zauna a bakin ƙofarmu ta yi kuka, ta ce za ta kunna mata kyandir a coci. Ban hana ta ba, na yi mata godiya.

'Yarmu duk allurar rigakafinta a ɗakin shan maganinku aka yi, kyauta, katin kuma da shi za mu tafi. Ga ɗalibanmu masu zuwa, ina ba ku shawara kada ku tsaya a ofishin shige da fice da makaranta kawai. Ku je barangai ɗin unguwarku a makon farko, ku gai da Kapitan, ku sa a rubuta sunanku, ku san fuskar tanod ɗin layinku.

Kapitan, na bar wa sakatariya littattafaina na likitanci da abin awon jini sabo don ɗakin shan magani. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare unguwar daga ruwa da iska, Ya ba Manong ikon kammala rufin gidansa.

Wassalam.

Naku,
wani Bakano da ya zauna a unguwarku, da maiɗakinsa da 'yarsu.