Wasiƙa daga Kano zuwa Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Asawase baki ɗaya. Mu ma nan alhamdulillahi, sai zafin bazara da ya sa mu gaba.

Ka yi ƙorafin na yi shiru kwana biyu. Wallahi ba mantuwa ba ce, fitina ce ta taso mini a wurin aiki. Ka tuna mutumin nan da na taɓa ba ka labari, wanda teburinsa ke kallon ƙofar sito, mai yawan "ranka ya daɗe" da daɗin baki? To, shi ya ɗauki sunana ya shiga gari da shi. Wai ni nake karkatar da katan-katan na taliya da madara ina kai wa wani ɗan kasuwa a Singa. Ni da na shekara 7 da mukullin sito a aljihuna, ko ashana ba ta taɓa ɓata ba!

Irinsu ba sa faɗa maka a ido. Abin da na fara lura da shi, in na isa wurin mai shayi da safe sai hira ta tsaya cak, kowa ya sunkuyar da kai kan kofinsa. Masinjan da kullum yake riga ni gaisuwa ya koma amsawa a daƙile. Sai da wani direbanmu ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce, "Malam, ka yi hattara, ana cin namanka a ofis, magana har ta kai kunnen manaja."

Daren nan ban runtsa ba. Zuciya ta ce in je in shaƙe shi gaban jama'a. Maman yara ce ta taushe ni, ta ce da na ɗaga murya za a ce ga shi nan, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake. Ƙanena mai karatun lauya kuwa kotu ya nuna mini, wai ɓata suna laifi ne a sashe na 391 na dokar Penal Code, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2. Na ce da wane shaida? Cikin waɗanda suka ji da kunnensu, wa zai tsaya gaban alƙali ya jefa abincinsa a rijiya?

Sai na kwashi littafin shige da fice na kaya da rasitai na shiga wurin manaja da ƙafata, na roƙi a ƙirga sito. Yini biyu ana ƙirga. Aka samu giɓin katan 3, gabana ya faɗi. Ashe waɗanda ruwa ya jiƙa ne bara aka mayar kamfani, kuma ka san wa ya sa hannu a takardar? Shi gogan! Manaja ya dube mu ya ce a yi haƙuri a zauna lafiya. Shi ke nan, ko takardar gargaɗi ba a ba shi ba, ka san yana da uwa a gindin murhu.

Amma abin da ya fi damuna daban ne. Shekara biyu da suka wuce, mutumin nan kan zo ya zauna kan buhu a sitona yana kawo mini gulmar kashiyanmu, wai yana taɓa kuɗi. Ni kuma ina dariya, har ina ƙara masa shayi. Yaron nan ya ajiye aiki ya tafi, ban taɓa tambayar kaina ko gaskiya ne ba. Ranar Juma'a liman ya karanto aya ta 6 cikin Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, sai na ji kamar da ni yake. Na nemi kashiyan har rumfar da yake tsaro a Kantin Kwari na roƙe shi gafara. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Ashe ya iso kanka."

Yanzu tsakanina da gogan sai sannu. Ko katan ɗaya zai fita, sai an rubuta an sa hannu. Har yau dai akwai masu yi mini kallon biyu, wannan na bar wa Allah.

Ka gaida Hajiya da yara. In za ka shigo da babbar salla, kada ka zo mini hannu rabbana, ka taho da goron Gwanja.

Naka har kullum,
abokinka na Kano.