Zuwa ga mutumina, kan zancen Rodriguez

Assalamu alaikum,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu! Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Amurka?

Musun nan namu ne ya hana ni sakat, inda ka kafe cewa mawaƙin da Amurka ba ta ɗaga ba bai isa ko'ina ba. To, me za ka ce da Sixto Rodriguez, ɗan Detroit? Faifai biyu ya fitar, a 1970 da 1971, amma a ƙasarsu ko kallo ba su samu ba. Bawan Allah ya koma leburanci, yana rusau da kwasar ɓaraguzai. Ashe can Afirka ta Kudu, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, samarin Turawan ƙasar sun haddace waƙoƙinsa kaf. Gidan rediyon gwamnati har karce wata waƙarsa ya yi a jikin faifai don kada a sa ta, saboda ta ambaci ƙwaya. Kuma duk sun ɗauka ya mutu, wai a kan dandamali ya kashe kansa. Shi kuwa yana nan da ransa, bai ma san ana yi ba.

Sai a 1997 'yarsa ta ci karo da shafin intanet da ake cigiyarsa. A 1998 ya sauka Cape Town, zaure ya cika maƙil, ana ta sowa tun bai taɓa jita ba.

 

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin. Shekara da shekaru ana sayar da faifansa a can, haƙƙin guminsa bai iso hannunsa ba. Mutanen Ostireliya sun gayyace shi tun 1979, amma Amurkawa sai da fim ɗin tarihinsa ya ci kyautar Oscar a 2013 suka waiwaye shi sosai, ya riga ya haura saba'in. Ya rasu a Agustan 2023 yana da shekara 81.

Don Allah ka tambayi abokan aikinka, in ji ko akwai wanda ya san sunansa. Hajiya na gaishe ka, ta ce hotunan yaran da ka yi alkawari har yau ba ta gani ba.

Naka har kullum.