Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Masu Kwasar Yashi A Fadamarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu ne manoman rani na bakin Kogin Kaduna a ɓangaren Igabi, masu tumatir da attaruhu da albasa da rake, tare da 'yan uwanmu masunta da Fulanin da ke shayar da shanu a wajen. Mun kai kuka gun mai unguwa, mun kai gun dagaci, abin ya fi ƙarfinsu shi yasa muka zo gabanka.

Ranka ya daɗe maganar tifofi ce. Tun asuba suke shiga har bayan isha'i ana lodin yashi, kuma ba tsakiyar kogi kaɗai ba har gindin gaɓa suke haƙa, damina na zuwa ruwa ya ci ƙasan gaɓar ta rufta da gonar mutum, akwai dattijon da rabin lambun da ya gada ya tafi haka, wallahi abin tausayi. Mai tifa gani yake yashi ne kawai, mu kuwa mun san yashin nan shi ke riƙe ruwa, in kogi ya ja da rani ruwan da ke kwance ƙarƙashinsa shi ke cika rijiyoyin lambunmu. A da, ɗan haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, yanzu tun Fabrairu injin ban ruwa sai ya dinga jan iska ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye mana gonaki har gwamnatin jiha ta sa dokar ta-ɓaci, muka haƙura dan wannan daga Allah ne. Wannan kuwa hannun mutum ne.

Sannan ga wani mai hali yana zuba jar ƙasa a gefen fadama wai zai yanka filoti, har ya toshe burtalin da ke sauka mashaya, yanzu shanu ta cikin albasa suke bi, kuma kai ka san abin da hakan ke haifarwa. Wanda ya ga ambaliyar 2003 a Kaduna ba zai cike fadama ba, nan ruwa ke kwanciya kafin ya kai gidajen mutane.

Ba mu ce a hana kowa neman abincinsa ba, yaranmu ma wasu da lodin yashin suke cin abinci. Roƙonmu a dakatar da haƙa a gindin gaɓa, a ware musu wuri nesa da lambuna, a buɗe burtalin. Dan Allah ka turo wakili ya taka ya gani da idonsa, a kira Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo da shugabannin masu tifa a zauna kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya.

Talakawanka,
Manoman rani na bakin kogi.